Garin Da-A-Ce: Daga Tsibirin Yutofiya Zuwa Gwandu

  Ina gai da mutanen Gwandu. Ina gai da mutanen Kalgo. Ina gai da na Ambursa, da na Jega, da na Birnin Kebbi, da duk inda muryar nan ta kai. Baba da ke kan tabarma a ƙofar gida, rediyo a gefe, sannu da hutawa. Inna da ke tsakar gida kina tankaɗe, ƙara murya kaɗan, zancen yau har da ke.

Yau za mu yi maganar wani gari. Kowa ya san shi, amma babu direban da ya taɓa kai fasinja can.

Bari in fara da abin da kunnena ya ji. Kwanan baya da sassafe na zauna teburin mai shayi a bakin tasha a Kalgo. Mutum uku na tarar a kan benci. Wani manomin shinkafa, tafin hannunsa duk kanta, ya ajiye kofi ya ce, "Da a ce taki yana isowa kafin ruwa ya sauka, da bana na huta." Wani ɗan kabu-kabu ya karɓe, "Da a ce mutum zai bi hanya tun daga nan har Jega ba wanda ya tsayar da shi neman na goro." Wani dattijo ya gyara zama, ya ce, "Ku dai yara ne. Da a ce alƙali ba ya duban rigar mutum kafin ya dubi maganarsa." Mai shayi yana sheƙa shayi daga wannan kofi zuwa wancan, ya ce, "Baba, ni da a ce kowa yana biyan bashi, ya ishe ni."

Aka yi dariya, aka watse. Ni kuwa na zauna ina tunani. Kafin shayi ya huce, mutum huɗun nan sun gina gari. Gari mai taki a kan kari, mai hanya lafiya lau, mai alƙali adali, mai mutane masu amana. Ba bulo, ba siminti. Da baki suka gina shi. Ni na raɗa masa suna Garin Da-A-Ce.

To, wannan gari ya daɗe. Manyan masana sun yi shekaru fiye da dubu biyu suna zana shi a takarda. Yau za mu bi sawunsa, kuma za mu yada zango huɗu. Na farko a Ingila, inda aka raɗa masa sunan da duniya ta sani. Na biyu a Girka da Bagadaza, inda tunanin ya samo asali. Na uku a nan gida, Gwandu. A zango na huɗu za mu tambayi kanmu: mene ne amfaninsa, kuma ina haɗarinsa?

Zango na farko: sunan.

Turawa suna ce masa Yutofiya. Ku sake ji: Yu-to-fi-ya. Abin da ake nufi shi ne al'ummar da aka zana a zuci, wadda komai nata ya daidaita. Ba yunwa, ba zalunci, ba mai kwana da fargaba.

Kalmar nan an san shekarar da aka haife ta: 1516. An kuma san wanda ya raɗa ta. Sunansa Tomas Mor, lauya ne a birnin Landan, mutum mai zurfin karatu, wanda daga baya ya zama kamar wazirin Sarkin Ingila Henri na Takwas. Ya rubuta ɗan littafi da harshen Latin, aka buga shi a wani gari na ƙasar da yau ake kira Beljiyam. Sunan littafin ya harhaɗo shi ne daga kalmomin Girkanci biyu. Ɗaya tana nufin "babu", ɗaya tana nufin "wuri". Ka ga ke nan, Babu-Wuri. Sai dai akwai wata kalmar Girkanci mai kama da ta farkon a furuci, ita kuwa tana nufin "mai kyau". Saboda haka kunne yana iya jin Wuri-Mai-Kyau, yana iya jin Babu-Wuri. Da gangan ya yi haka. Wuri mai kyau, wanda babu shi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Me ke cikin littafin? Wani matafiyi ne yake ba da labarin tsibiri, wato ƙasar da ruwa ya kewaye. A tsibirin akwai birane 54, harshensu ɗaya, tsarinsu ɗaya. Ba kuɗi. Maigida zai je kasuwa ya ɗebi abin da iyalinsa ke bukata, ya juyo, ba ciniki ba biya. Kowa yana aiki, amma awa shida kacal a yini, uku kafin azahar, uku bayanta. Kowane ɗan birni sai ya je ƙauye ya yi noman shekara biyu, don kada wahalar gona ta zauna a wuyan wasu su kaɗai. Ƙofofin gidaje ba kwaɗo. Duk shekara goma ana kaɗa ƙuri'a a yi musayar gidaje, don kada wani ya ce nan nawa ne har abada. Akwai asibitoci a bayan gari, masu faɗi, masu tsabta. Dokoki kaɗan ne, kowa yana iya fahimtarsu, don haka ba lauyoyi.

Zinariya fa? Inna, saurari wannan. Da zinariya suke ƙera tukunyar fitsari, da sarƙar da ake ɗaure masu laifi. Lu'ulu'u kuwa abin wasan yara ne, yaro ya girma ya jefar. Manufarsu ita ce a wulaƙanta abin da ke sa mutane kashe juna, har ido ya daina kwaɗayinsa.

Kun san yadda kakanninmu ke rufe tatsuniya: ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Shi ma Tomas Mor ya bar irin wannan alama ga mai lura. Sunan matafiyin da ke ba da labarin, in ka fassara shi daga Girkanci, yana nufin mai zuba shirme. Kogin da ya ratsa babban birnin, sunansa Ba-Ruwa. Wato yana gaya wa mai karatu, kada ka nemi jirgi, wurin nan ba ya nan.

To, me ya sa babban mutum kamar wannan zai zauna ya tsara tatsuniya? Amsar tana cikin rabin farko na littafin, wanda mutane da yawa ba sa karantawa. A can ba tsibiri yake magana ba, Ingila yake magana. A zamaninsa ulu ya yi tsada. Masu ƙasa suka ga kiwon tumaki ya fi noma riba. Suka shiga korar talakawa daga gonakin da iyaye da kakanni suka noma, suna kewaye filayen da shinge, suna zuba tumaki. Manomi ya sayar da 'yan komatsansa, ya ɗauki iyali ya shiga duniya. Kuɗi ya ƙare, aiki babu. Ya yi bara, a kama shi. Ya yi sata, a rataye shi. Littafin ya kwatanta abin da cewa tumaki sun koma cin mutane. Ya kuma ce rataya ba za ta hana sata ba muddin ciki babu komai.

Duk manomin da ruwa ya taɓa cinye wa gona, kamar yadda ambaliyar 2020 ta yi wa shinkafar fadamun Kebbi, ya san abin da ake nufi da mutum ya wayi gari ba shi da inda zai sa fartanya. Su nasu ba ruwa ne ya kore su ba. Mutane ne.

Yanzu ku biyo ni kasuwa, ko ta Kalgo ko ta Gwandu, layin masu awo. Ka ga mudu biyu. Ido ba zai bambanta su ba. Amma ɗaya an kifa shi an bubbuge gindinsa ya shige ciki. Ta yaya za ka gane? Sai an kawo mudu na ƙwarai, cikakke, an auna gero da shi an juye a wancan. Nan take za ka ga hatsi yana zubewa ƙasa. Ba wanda ke dafa mudu ya ci. Amma ba don mudu na ƙwarai ba, da mai algus ya cuci gari duka ba wanda ya sani.

Tsibirin Tomas Mor mudu ne. Ya ƙera shi don ya auna Ingila. Ina so ku riƙe wannan kalma: mudu.

Kafin mu bar Ingila, gaskiya ɗaya. Tsibirin nan, in ka ƙura masa ido, akwai abin da zai dame ka. Akwai bayi a cikinsa, su ke yanka dabbobi, su ke aikin ƙazanta. Kowa tufafinsa iri ɗaya. Ba ka fita garinku sai da takardar izini, in ka sake fita ba izini karo na biyu, ka zama bawa. Ba lungun da mutum zai keɓe, ido yana kansa dare da rana. Ni dai ba na jin ɗan kabu-kabun nan namu zai yi wata guda a can bai nemi hanyar gida ba. Shi kuwa marubucin, a 1535 sarkin da ya yi wa hidima ya sa aka fille masa kai, saboda ya ƙi yarda sarki ya zama shugaban cocin Ingila.

Zango na biyu: asalin tunanin. Tomas Mor suna ya raɗa, amma jaririn ya girme shi nesa ba kusa ba.

Wajen shekara 375 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, akwai wani masani a birnin Atina na ƙasar Girka. Larabawa suna kiransa Aflatun. Mutanen garinsa sun yanke wa malaminsa Sukurat hukuncin kisa, abin ya tsaya masa a rai. Sai ya shiga tambaya: mene ne adalci? Don ya amsa, ya zana birni. A birnin akwai masu noma da sana'a, akwai masu tsaro, akwai masu mulki. Ya ce gari ba zai huta ba sai masu hikima sun zama sarakuna, ko sarakuna sun zama masu hikima. Ya hana masu mulki mallakar gona ko zinariya, don kada makiyayi ya koma kura. Amma kuma ya hana su iyali na kansu, ya kori mawaƙa da dama daga birnin. Shi da kansa ya amsa cewa birnin nan ba ya ko'ina a bayan ƙasa, samfuri ne mai son gyara kansa zai duba.

Tunanin ya shigo duniyar Musulmi ta hanyar fassara, a zamanin da Bagadaza ke cike da masu juya littattafan Girka zuwa Larabci. A nan aka sami Abu Nasr Alfarabi, wanda ya rasu a shekarar 950 ta Miladiyya. Shi ya yi littafi a kan abin da ya kira Almadinatul Fadila. Ɗaliban zaure sun riga sun gane: birni mafifici, birni na gari. Ya kwatanta shi da jiki mai lafiya. Ido da aikinsa, ƙafa da nata, shugaba kuwa shi ne zuciya. In zuciya ta gyaru, jini ya isa ko'ina. Ya lissafa halaye goma sha biyu da shugaba zai tara, ciki har da son gaskiya, son ilimi, son adalci, da rashin ɗaukar dinari da dirhami a bakin komai.

Abin da ya fi burge ni a wurinsa shi ne ya kuma zana kishiyoyin wannan birni. Akwai garin da burin mutanensa bai wuce ci da sha ba. Akwai wanda burinsu tara dukiya. Akwai na holewa. Akwai na neman girma da kirari. Akwai na danne wasu. Mai saurare, ka yi shiru ka auna unguwarku da waɗannan, ba sai ka faɗa wa kowa ba.

Malamai irin su Imam Gazali sun soki Alfarabi a wasu mas'alolin aƙida, wannan sananne ne, kuma ba su muke tattaunawa ba yau. Shi ma Ibn Haldun, mai littafin Muƙaddima na 1377, ya ce wannan birni na masu falsafa abu ne mai wuyar aukuwa, suna faɗarsa ne a kan ƙaddarawa kawai. Shi ya fi son ya duba yadda dauloli ke tashi da faɗuwa a zahiri.

A nan bari in raba wa yara abu biyu, kada su cakuɗe. Garin Da-A-Ce daban, Aljanna daban. Aljanna alkawarin Allah ce, gaskiya ce, tana lahira. Shi kuwa wannan, tsarin ɗan Adam ne, don zaman duniya. Mai tsara shi yana iya daidai, yana iya kuskure.

Zango na uku. Mun dawo gida. Mutanen Gwandu, ku matso, zancen naku ne.

Duk wanda ya je ziyara hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya san irin natsuwar da ke wurin. Takalma a ƙofa, murya ƙasa-ƙasa, mata da maza suna shiga suna addu'a suna fita. Mun san shi a matsayin ƙanen Shehu Usmanu, wazirinsa, kuma wanda sarautar Gwandu ta faro daga kansa. Mun san shi da tafsirin Liya'ut Tawili. Amma yau ina so mu dube shi ta wata fuska: mutumin da ya riƙe mudu.

Kada a fahimce ni a karkace. Malam Abdullahi bai ƙirƙiri tsibiri ba. Samfurinsa wuri ne da aka yi a tarihi, Madina ta zamanin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da halifofinsa. Nan ne babban bambancinsa da Tomas Mor. Wancan ya ce wurin babu shi. Wannan ya ce an yi shi, kuma ana iya kusantarsa. Inda suka haɗu shi ne kowannensu ya ɗauki cikakken gari a zuciya, ya auna zamaninsa da shi, ya ga hatsi yana zuba.

A Degel jama'ar Shehu suka fara taruwa. Masu karatu, masu noma, masu kiwo, Fulani da Hausawa da wasunsu, maza da mata suna sauraron wa'azi. Abin da suke kuka da shi an rubuta shi. A Kitabul Farƙi an jero abubuwan da sarakunan lokacin ke ɗora wa talaka, har da sunayensu na Hausa: jangali, kuɗin gari, gaisuwar da ake kai wa mai mulki kafin a ga fuskarsa, kamuwa, wato a ƙwace dabbar mutum a yi wa sarki kaya da ita. Ku saurara da kyau, ai kukan teburin mai shayi ne, shekara ɗari biyu da suka wuce.

A watan Fabrairu na 1804 aka yi hijira zuwa Gudu. A watan Yuni aka gwabza da rundunar Sarkin Gobir Yunfa a Tafkin Kwatto, Malam Abdullahi yana gaba, aka yi nasara. A 1805 ya jagoranci cin Birnin Kebbi, a shekarar kuma Shehu ya tare a Gwandu. Abin da ake ce wa da-a-ce ya fara zama ga-shi-nan.

To, a nan labarin ya ɗauki nauyi. A wannan shekara ta 1805, rundunar jama'a tana kan hanya ta biyo ta wani gari, Kwalda, wanda ke zaman amana da su. Mayaƙa suka afka masa suka washe. Shugabanni suka hana, ba a saurare su ba. Ba a daɗe ba aka haɗu da abokan gaba a Alwasa, jama'a ta sha mummunan kashi, mutanen kirki da yawa suka kwanta dama.

Malam Abdullahi ya duba hagu ya duba dama. Abokan karatunsa na Degel, da yawa sun yi shahada. Waɗanda suka cika sansani yanzu, wasunsu ba abin da ya kawo su sai ganima. A littafinsa Tazyinul Waraƙati, wanda ya haɗa a 1813, ya bayyana abin da ya gani ba ɓoye-ɓoye. Mutane sun koma neman mulki da muƙami. Ana naɗa jahilai a manyan kujeru. Ana tara ƙwaraƙwarai da tufafin alfarma. Ana sukuwa da dawaki a cikin gari, ba a fagen fama ba. Ana cin hanci. Har 'ya'ya, waɗanda ba bayi ba, ana kai su kasuwa. Jama'a, ba Gobirawa yake nufi ba fa. Nasa yake nufi.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Auna abokin gaba da mudu abu ne mai sauƙi, kowa yana yi. Shi wannan bawan Allah ya juyo da mudun ya auna gidansu, a lokacin da ake tsakiyar yaƙi, a lokacin da faɗar haka ke iya jawo masa baƙin jini. Wallahi duk sanda na karanta wannan wuri sai jikina ya yi sanyi.

Wajajen 1807 abin ya ishe shi. Runduna ta nufi Alƙalawa, shi kuwa ya zame da mutum biyar, ya fuskanci gabas, niyyarsa Makka da Madina. Ya ba da labarin sun kwana uku a daji ba su ga ɗan Adam ba, sai sawun giwaye. Ku duba wannan hoto. Wazirin jihadi, jarumin Tafkin Kwatto, yana ratsa ƙungurmin daji, ya bar garin da ya taimaka aka gina, yana neman asalin samfurin.

Ya isa Kano. Kanawa suka tare shi, suka ce Malam ba za ka wuce ba, zauna ka koya mana yadda ake tsai da al'amari. Ya dube su, ya ga ciwon da ya gudo wa yana nan ma. Duk da haka ya zauna. Ya karantar da tafsirin Alƙur'ani. Ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, wato hasken masu hukunci. A ciki ya bayyana yadda ake zaɓen shugaba, da abin da ke wuyansa, da aikin waziri, da na alƙali, da na mai hisba, wanda cikin aikinsa har da duba awo da ma'auni a kasuwa. Ya yi kashedi kada shugabanci ya rikiɗe ya koma sarautar gado da alfahari. Ya ɗebo daga malaman da suka gabace shi, har da Shehu Magili, wanda ya yi wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa irin wannan nasiha shekaru ɗari uku kafin nan.

Daga Kano bai wuce ba. Ya juyo gida. Wannan juyowa, a ganina, ita ce zuciyar labarin. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, shi ya fi kowa sani. Ya gane jama'arsa ba ta cika mudu ba, kuma ba lalle ta cika a rayuwarsa ba. Bai jefar da mudun ba, bai kuma jefar da mutanen ba. A 1812 Shehu ya damƙa masa yammacin daula. Bayan rasuwar Shehu a 1817 aka yi wa ɗansa Muhammadu Bello mubaya'a, aka sami 'yar tsama tsakanin baffa da ɗa, har sai da suka haɗa kai a yaƙin Kalambaina, Malam Abdullahi ya miƙa wuya, zumunci ya dawo. Ya ƙare rayuwarsa yana karantarwa yana rubutu, ya rasu wajajen 1829. Sarautar Gwandu ta ci gaba a zuriyarsa, ɗansa Muhammadu, sannan Halilu. Littattafan kuwa suna nan, har yau ana buɗe su a zaure da jami'a.

Zango na huɗu, kuma na ƙarshe: amfani da haɗari.

Amfanin mun gan shi. Mutumin da bai taɓa hango gari na gari ba, zai ɗauka zalunci kamar zafin bazara ne, haka Allah ya yi shi, sai haƙuri. Wanda ya hango kuwa, zai iya cewa wannan mudu bai cika ba.

Haɗarin yana zuwa ne ranar da mai zane ya sami iko, ya ce dole kowa ya shiga zanensa. A Tanzaniya, Shugaba Juliyas Nyerere, mutum mai kyakkyawar niyya wanda bai tara abin duniya ba, ya fito da tsarin Ujama'a a 1967. Ujama'a na nufin zaman 'yan uwantaka: ƙauyuka na haɗin gwiwa, gona ɗaya, makaranta da asibiti kusa da kowa. Da farko ganin dama ne. Daga 1973 ya zama tilas. Aka kwashe miliyoyin mutane daga gonakin da suka san halinsu, aka kai su wuraren da aka shata a ofis. Karatu ya yaɗu, wannan gaskiya ne. Amma noma ya ja baya, fari ya zo ya ƙara, sai da ƙasar ta sayo abinci daga waje. Dokin mai baki ya fi gudu. Takarda ba ta san inda ruwa ke kwanciya a gona ba, manomi ne ya sani.

A nan Najeriya ma an gwada, amma da yardar masu yi. A 1947 wasu masunta mabiya wani coci suka kafa garin Ayetoro a bakin teku, a jihar Ondo ta yau. Dukiya ɗaya, aiki tare. Suka yi suna wajen ƙera jiragen ruwa, garin ya bunƙasa. Da tafiya ta yi tafiya, 'ya'ya suka fara son abin kansu, tsarin ya sassauta. Yau teku ce ke cin garin.

Akwai kuma tambayar da ta fi kusa da mu: gari na gari, a wurin wa? Masu saurarenmu na Argungu suna da nasu labarin. Kabawa ba su ɗauki faɗuwar Birnin Kebbi a matsayin wayewar gari ba, kuma daga 1849, ƙarƙashin Yakubu Nabame, suka tashi suka ƙwaci kansu. Bawan da ke noma a rinji, shi ma da an tambaye shi, da nasa da-a-ce ɗin daban. Yau duk jiha ɗaya muke, kasuwa ɗaya, auratayya ta haɗa mu. Ɗalibanmu da ke jami'ar tarayya a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ga aikin bincike nan a ƙofar gida: ku tattara labarin ɓangarorin nan duka, tun dattawan da suka ji daga kakanninsu suna raye.

Inna, na ce zancen har da ke, ban manta ba. Kin lura duk waɗanda na ambata maza ne? Aflatun, Alfarabi, Tomas Mor, Malam Abdullahi, har mutum huɗun teburin mai shayi. Ba wanda ya ce da a ce rijiya tana kusa, ko da a ce mai naƙuda tana samun ungozoma da tsakar dare. Wannan sai ku. Saboda haka muna roƙon iyayenmu mata da 'yan uwanmu mata, kowace ta aiko mana da da-a-ce ɗinta guda ɗaya, ko a rubuce ko ta bakin ɗa ko jika. Za mu karanta su a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, domin shirin zai kasance a kan Nana Asma'u 'yar Shehu, da 'Yan Taru, da matan da ake kira jaji, da ke ɗaura malfa su ratsa ƙauyuka suna kai wa mata karatu har cikin gida.

Kafin nan, a gai da yara, a gai da masu jiki.